Butar da Ba Ta Raguwa

Da sunan Allah nake farawa, kuma mai karatu ya yi haƙuri da hannuna. Ni ne Sale mai kwalekwale a Dagona. Ban daɗe a firamare ba aka gane cewa ni da allo ba za mu shirya ba, aka sallame ni cikin mutunci, wato da bulala. Ɗan baƙin da na iya, da furfurata na koye shi, a cikin jirgi, a hannun mutumin da zan ba ku labarin jinyarsa. Shi ya ce in rubuta. Da ba haka ba, da ban tona wannan magana ba.

Malam Habu malamin firamare ne a Gashuwa. Abu biyu ya sa a gaba a duniya: salla da daji. Duk Asabar sai ka ji ƙarar baburinsa, darduma ɗaure a baya, buta a rataye, tsohon madubin hangen nesa a wuya. In sanyi ya shigo, tsuntsaye baƙi sun sauka a fadama, sai ya kwaso 'yan ajinsa in zaga da su. Ya nuna musu dinya da zalɓe da kirinjijiya, ya ce su duba waɗannan bayin Allah, sun ƙetaro ƙasashe ba biza ba guzuri, kuma ba wanda ya kwana da yunwa. Babu tudun da bai shimfiɗa darduma a kansa ba a fadamar nan. Ni kuwa Direba yake ce mini.

Mutum ne mai shan ruwa kamar raƙumi. Ba ma yin nisa sai ya ce, "Direba, raɓa gaɓa." In raɓa, ya ɗauki buta ya shige bayan goruba. Har nakan ce masa gorubar fadamar nan duk shi ya raine su, ya kamata hukuma ta ba shi lambar yabo. Ku riƙe wannan, don a nan labarin yake.

Bayan ya yi ritaya sai Malam ya fara cika. Fuska ta yi sheƙi, ƙafa ta cika takalmi har ya yanke igiyar. Kowa ya gan shi sai ya ce, "Masha Allah, Malam, fansho ya karɓe ka!" Ni ma na faɗa, har da ƙarin cewa ya bar mini ragowar tukunya. Yana yawan ciwon kai, sai ya sayi ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a tasha, ya haɗiye ya hau babur.

Sai kuma wata magana ta tashi a masallacin unguwarsu. An lura Malam yana yin sallar Asuba da alwala, ya kai Azahar da ita, ya kai La'asar, wani lokaci har Isha'i. Aka ce bawan Allah ya kai wani matsayi. Shi da bakinsa ya ce musu, "Ku daina, ba abin da kuke zato ba ne." Suka ce ji tawali'u irin na manya. Ni kuwa har na fara tunanin ƙara kuɗin jirgi, tunda waliyyi nake ɗauka.

Matarsa, Ya Falmata, ita ta farkar da ni. Na kai musu kifi, ina zaure, sai na ji ta tsaya a bayan labule. Muka gaisa. Sai ta rage murya ta kira sunana.

"Baba Sale, butar Malam ba ta raguwa."

"Ai albarka ke nan," in ji ni, sarkin basira.

"Ni ke cika ta da safe. Da yamma in ɗaga in ji ta kusan yadda na ajiye. Ba ya zagawa. Ni ba zan iya yi masa maganar ba, kai ne ba ka jin kunyar kowa."

Wannan ne yabo mafi girma da aka taɓa yi mini. Sai a lokacin na tuna an daɗe ban ji "raɓa gaɓa" ba.

Asabar ta zagayo. Na tuƙa mu har tsakiyar ruwa, inda ba hanyar gudu, na kafa gora.

"Malam, gorubarka suna cigiyarka."

Bai sauke madubin daga idonsa ba. "Falmata ce?"

"Ba ruwan Ya Falmata. Yaushe rabonka da fitsarin kirki?"

Ya sauke madubin. Ya danna yatsa a ƙafarsa ya ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, kamar ƙullun fura. Muka tsaya muna kallon ramin.

"Ka san sunan wannan abu a Gashuwa, ciwon ƙoda," ya ce. "Na raka abokan aikina da yawa maƙabarta. Gona ta tafi, gida ya tafi, a ƙarshe mutumin ma ya tafi, ya bar 'ya'ya a titi. Ni ba zan yi wa nawa haka ba. Ba ni hannunka."

Na ba shi.

"Amana ce. Ba likita, ba Yaya Bukar, ba kowa."

Na ce na ɗauka. Tun daga ranar abu ɗaya ke cina: in na yi magana na ci amana, na rasa aboki, in na yi shiru na rasa mutumin gaba ɗaya.

Farkon sanyi abin ya kayar da shi. Ranar Juma'a ya yi sujada ya kasa ɗagowa. Kafin in iso daga Dagona an kai shi asibiti. Na tarar da ɗansa Usman, magidanci ne mai aikin gini, yana layin kati, layin ya fita har bakin ƙofa. Malam na kan benci yana haki, ga ƙaiƙayi yana ta susa, ga amai ya ɓata masa riga. Sai bayan La'asar aka samu gado. Ɗakin maza ne, mace ba ta zama, Usman kuma in bai fita aiki ba babu abin sayen magani. Sai jinya ta faɗo kaina. Na shimfiɗa tabarmata a gefen gado.

Washegari likita ta shigo zagaye. Tana ganinsa ta durƙusa har ƙasa, da farar rigarta da komai.

"Malam! Hadiza ce. Wadda ta faɗa ruwa a Dagona tana ƙoƙarin tsinkar bado."

Ni na tsamo ta a ranar, amma ba wanda ya tuna da wannan. Malam ya yi murmushi, ya ja bargo ya rufe ƙafafunsa.

"Ya jikin, Malam?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ta auna jini ta ce ya hau ƙwarai. Ta duba idonsa, ta yaye bargon, ta danna ƙafar. Sannan ta sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Malam, a yi haƙuri. Fitsari fa?"

"Alhamdulillahi," in ji shi.

Malam bai taɓa yin ƙarya ba a sanina. Abin da yake yi shi ne ya ɓuya a bayan godiyar Allah, kuma wa zai ja da mai godiya? Ta juyo ta dube ni. Na ga wani ƙadangare a taga, na tsura masa ido kamar ban taɓa ganin irinsa ba. Ta rubuta gwajin jini da hoton ciki, ta ba mu wata roba ta ce a tara mata duk abin da ya fita. Da ta wuce Malam ya tura robar ƙarƙashin gado da ƙafa. "Yarinyar da na koya wa baƙi zan miƙa wa wannan?"

Makon farko ya tafi a neman gwajin. Yau an ce mai ɗibar jini ya tashi, gobe an ce maganin gwajin ya ƙare sai a waje. 'Yan dubiya kuwa ba su ƙare ba, kowa da asibitinsa a aljihu. Wani ya ce sammu ne, saboda an ga darajarsa ta fito. Wani ya kawo saiwa a jiƙe da kanwa. Wani bawan Allah ya kawo fitsarin raƙumi a gora. Na ce masa, a zuciyata dai, mutumin da nasa ya gagara shi za a ƙara wa na raƙumi? Kowa ya tambayi jiki, Malam ya ce da sauƙi, ni ma in ce da sauƙi, mu duka mu shafa fatiha. Alhali ba ya iya kwanciya, sai a jingine, numfashinsa na fita da wani wari kamar na kwata.

A mako na biyu yayansa Alhaji Bukar ya zo daga ƙauye da mota. Dattijo ne mai faɗa a ji, kuma yana son ƙaninsa, ba zan zalunce shi ba. Ya ce asibiti ba ta ga komai ba sai gwaje-gwaje, a gida akwai malamin da zai yi masa rubutu. Malam ya amince nan take. "Tsuntsaye ma sun sauka," ya ce, "ina nan ina kallon silin." Aka naɗe tabarma, aka ɗaure kwanuka. Usman ya tafi kiran likita don ta sa hannu a takardar sallama.

Dakta Hadiza ta zo da sauri. "Baba Alhaji, a jira sakamakon, ko zuwa jibi."

"'Yata, shi mai jikin ya ce da sauƙi. Ko kin fi shi sanin jikinsa?"

Ta dubi Malam. "Malam, da gaske akwai sauƙi?"

"Alhamdulillahi."

Ta ɗauki biro. Ina tsaye riƙe da butar, cike fal kamar yadda na cika ta da safe. Na san in aka sa shi a motar nan, gawarsa za mu je ɗauka. Malam ya kafe ni da ido. Ya san ni. Ya ɗan girgiza kai.

"Likita," na ce. Muryata ta mai kiran fasinja ce daga ƙetaren ruwa, ban iya ta ƙasa-ƙasa ba. "Ba ya fitsari! Tun damina abin da yake yi bai cika murfin butar nan ba. Robar da kika bayar tana ƙarƙashin gado, a bushe. Alwalar da ake ta yabo ba waliyyantaka ba ce, toshewa ce!"

Wani mai karaya a gadon kusa ya ce, "Subhanallahi." Alhaji Bukar ya ɗaga sanda. "Kai wane irin tsohon banza ne? A gaban mace?"

Malam bai ɗaga murya ba. "Sale," ya ce. Ba Direba ba. "Fita."

Ban fita ba. Likita ta ajiye biro ta sake durƙusawa a gaban gadon.

"Malam, ka tuna ranar da ka kai mu inda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa? Ka nuna mana ruwan ya koma baya ya cinye gonakin mutane. Ka ce wanda ya ga toshiya ya yi shiru, da shi aka yi ɓarnar. Ni ban manta ba. Ba zan sa hannu ba."

Malam ya juya fuska ga bango. Alhaji Bukar ya zauna a bakin gado, sandar ta faɗi, bai ɗauka ba. Usman ya fara kwance kwanukan.

Sakamako ya fito. Likita ta kira ni da Usman ofis ta ce ƙoda ta gaza, duka biyun. Kalmarta ke nan, ta gaza, kamar jakin da aka yi wa lodi. Ta ce sai wankin ƙoda a Nguru, kuma ta faɗa mana gaskiya: wanki ba ya warkarwa, lokaci yake saya. "Da ya zo tun ƙafar ta fara kumbura, da wata maganar muke yi." Wato tun lokacin da muke masa barka da ƙiba.

Haka muka shiga zirga-zirga tsakanin Gashuwa da Nguru. Aka sa masa roba a wuya. Inji ya ja jininsa ta wannan igiya ya mayar ta waccan, ni ina leƙe ta gilashi ina karanta duk abin da na haddace, wanda ba shi da yawa, sai in sake daga farko. Bayan wankin farko numfashi ya daidaita, ya ci tuwo, ya yi salla a tsaye. Ya Falmata ta yi kuka a waya.

Ina da ƙorafi kuma zan faɗa. Injinan kaɗan ne, masu jira kuwa sun cika baranda, yawancinsu daga wajenmu, har muka zama 'yan unguwa ɗaya. Wata rana mu yi sammako mu wuni a ce sai gobe. In an ce a kawo jini, masu kawo saiwa da gora duk sai wayarsu ta lalace. Babur ya tafi. Shanun Ya Falmata na gado suka bi shi. Abin da Malam ya ji tsoro ya fara faruwa a kan idonsa, kuma ni na jawo.

Ina da godiya kuma. Tsofaffin ɗalibansa da suka ji labari sun yi ta zuwa, wani soja, wani mai sayar da barkono, wata nas, suka haɗa hannu har gonarsa ta shinkafa ta tsira. Alhaji Bukar da ya ɗaga mini sanda shi ya fara miƙa hannu a ɗebi jini, aka ce ya tsufa, ya yi faɗa da ma'aikatan. Akwai mai keke a tashar Nguru da bai taɓa karɓar ko sisi a hannunmu ba. Allah ya saka musu.

An hana Malam ruwa sai ɗan ƙaramin kofi a wuni. Mutumin da ya rayu a kan ruwa. Yakan jiƙa leɓe ya riƙe a baki kafin ya haɗiye. Ni ke auna masa, ni ke ɓoye randa, ni ke goya shi zuwa mota. Duk wannan bai ce mini uffan ba. In yana so a gyara masa filo sai ya ce, "Usman, faɗa wa mutumin nan ya ɗaga." In Usman ba ya nan sai ya faɗa wa bango. Na yi masa duk wautar da na iya. Na ba shi labarin tarwaɗar da ta ja ni cikin ruwa, na karanta masa allon asibiti a karkace da gangan don ya gyara mini. Ko gira bai ɗaga ba. Ina ganin jikinsa na zubewa mako bayan mako, wankin ba ya riƙe shi kamar da, ga zazzaɓi daga robar wuyan. Tsorona ya koma ɗaya: kada mutumin nan ya koma ga Allah yana riƙe da ni.

Sanyi ya fara ja da baya. Wata rana muna dawowa daga Nguru, yana kwance a kujerar baya, sai ya ce, "Usman, a ratse Dagona."

"Baba, likita ta ce kada robar ta jiƙe."

"Ban ce zan yi iyo ba."

Muka ratse. Na goya shi zuwa bakin ruwa, ba shi da nauyin buhun ƙaiƙayi. Na shimfiɗa masa darduma a cikin jirgi, na naɗe masa wuya da rawanina. Ya ce wa Usman ya jira a gaɓa. Ban taɓa tuƙi da tsoro irin na ranar ba. Ya ɗaga madubin, hannun ya kasa riƙewa. Na ajiye gora na riƙe masa. Tsuntsayen sun ragu, saura na ta taruwa suna shirin tafiya. Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi.

"Direba."

Na kusa faɗawa ruwa.

"Ka tona ni a gaban ɗalibata."

"Na tona, Malam."

"Ka ci amana."

"Na ci. Ko yau aka sake, zan ƙara ci."

"Na sani." Ya yi numfashi. "Fushin tonon ya daɗe da wucewa. Abin da ya rage na makara ne. Kai da bakinka ba ya riƙe komai, kai da ka faɗa wa duk Dagona ranar da na faɗa taɓo, sai a wannan ka ga damar zama mutumin kirki? Ranar da na kama hannunka a jirgin nan ya kamata ka fizge, ka tafi ka yi mini shela a kasuwa."

"Kai ka ce amana, Malam."

"Na ce. Na yi kuskure, kuma malami ne ya yi shi, shi ya sa ɗalibi ya bi. Na ɗauka faɗa wa likita ciwo kai ƙarar Ubangiji ne. Ba haka ba ne. Jikin ma ai amana ne, ya riga tawa." Ya miƙo hannu. "Na yafe. Kai ma ka yafe mini bangon da na yi ta yi wa magana."

Na kama hannun.

"Ga wata amanar, wannan irin taka ce. Ka faɗa wa kowa. Ka rubuta, da munanan baƙaƙen nan naka. Ka sa har da fitsarin, kada ka sakaya."

Sannan ya ce in raɓa gaɓa. Na raɓa wajen wata goruba. Bai iya sauka ba. Ya yi taimama da ƙasar da na ɗebo masa, ya yi La'asar a zaune a cikin jirgi, ni ina riƙe da gora kada ya juya daga alƙibla.

Bai sake komawa Nguru sau da yawa ba. Ya rasu a ɗakinsa a Gashuwa bayan Azahar, Usman na riƙe da kansa, ni ina wajen ƙafa. Allah ya jiƙan Malam Habu, ya haskaka kabarinsa, ya sa ciwon ya zama kaffara. A wajen zaman makoki na ji wani na ba da labarin alwalar nan ta yini guda. Na tashi na gyara masa a gaban jama'a. An harare ni, na saba.

To, jama'a, ga abin da aka aiko ni da shi. In mutum ya cika ba tare da ya ƙara loma ba, kada ku yi masa barka, ku danna ƙafarsa. In ciwon kai ya ƙi tafiya, a auna jini, a bar ƙullin ledar tasha. "Da sauƙi" ta 'yan dubiya ce, ba ta likita ba, ko da kai ka koya wa likitan rubuta sunansa.

Bayan ta fita takaba Ya Falmata ta aiko mini da butar. Tana rataye a gaban jirgina. Jiya wani ɗan kasuwar kifi ya shigo, fuska na sheƙi, ya taka bayan takalminsa don ya ƙi shiga. Na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Na bari sai da muka kai tsakiyar ruwa, na kafa gora.

"Alhaji," na ce, "yaushe rabonka da fitsarin kirki?"